Daɓen Itace a Masallacin Modibbo

Ni Azumi, ba yabon kai ba, a lokacin ƙuruciyata babu macen da ta kai ni iya daɓe a duk Kakangi da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Idan aka zuba tsakuwa, na tara mata muka bi ɗaki da madaɓai, sannan na shafe shi da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, sai ƙasa ta yi santsi tana sheƙi har mutum ya ji kunyar taka ta da ƙafa mai datti. Na fara da wannan ne don iyawar nan tawa ita ce ta kusa raba surukina da masallacinsa.

Surukina shi ne Modibbo. Sunansa na yanka ban taɓa kamawa ba, ba kuma yau zan fara ba. Bafillace ne da ya gaji da yawon kiwo tun kafin a haife ni, ya kafa gida a bakin fadama, ya gina ɗan masallaci na ƙasa a ƙofar gidan. Daga ɗakinsa zuwa gurbin liman taku goma sha biyu ne. Na sani, don da ƙafafunsa suka yi nauyi kullum ina jin ƙarar sandarsa yana ƙirga su. Shekara arba'in yana jan mutanen unguwarmu salla a wurin, ni kuwa da aka kawo ni gidan ɗansa Dabo, sharar masallacin ta zama tawa. Da hantsi nake shiga, lokacin da maza sun tafi gona.

Matsalar masallacin ɗaya ce. Da zarar marka ta kankama, ƙasa sai ta riƙa tsattsafo da ruwa daga ƙarƙashi. Sau uku ina daɓe shi da hannuna, sau uku fadama tana mayar mini da aikina laka. Buzaye su jiƙe, tabarmi su yi fumfuna, tsofaffi su tashi daga sujada da taɓo a goshi. Modibbo kuwa tari ya kama shi, gwiwoyinsa suka kumbura.

Sai Labaran, mai unguwarmu, ya ce a mayar da masallaci kan tudu, kusa da gidansa. Ba mugun mutum ba ne Labaran, sai dai idan gaskiya ta zo daidai da abin da yake so, da hannu biyu yake riƙe ta. Kuma gaskiyar ce da shi, tudu ba ya jiƙa. Amma kowa ya san Modibbo ba zai iya hawa tudun nan ba ko sau ɗaya a yini, balle sau biyar. Idan masallaci ya tashi, tsohon zai ƙare kwanakinsa yana salla shi kaɗai a ɗaki, yana jiyo kiran sallar wani daga nesa. Ranar da aka kawo masa maganar, ƙwaryar furarsa ta dawo yadda na kai ta.

Maigidana ne ya tuna da Abarshi. Bagwari ne masassaƙi, gidansa yana can bakin daji, tafiyar rabin safiya daga wurinmu. Shi ke sassaƙa wa mutane turmi da akushi da ƙyaure. Ba ya salla, amma shekara da shekaru shanun Modibbo a gonarsa suke kwana da rani su bar masa taki, shi kuma ya bar musu kara. Da ya zo ya duba masallacin, sai ya tsuguna ya tona ƙasa da ɗan yatsa, ya shinshina.

Ya ce, "Ƙasar nan ba ta jin magana. A bar ta da ruwanta, a hau samanta."

Ya ce yana saurayi ya bi fatake zuwa ƙasar Nufe, ya ga mutanen bakin kogi suna kafa turaku su shimfiɗa katako a kai, ruwa yana wucewa ta ƙasa su suna kwance a bushe. Mutane suka dubi juna. Mu dai mun san itace a ƙyaure da rufin soro, ba mu taɓa jin an taka shi a matsayin daɓe ba. Ni da nake jin su ta bayan danga har tsaki na ja, don a ganina wannan ƙasƙanci ne ga sana'ata.

Abarshi ya ce a ba shi rani biyu. Labaran ya ce an ba shi, amma azumin da zai biyo bayansu a tsakiyar marka zai faɗo, kuma babu wanda zai yi asham kwana talatin a cikin laka. Idan watan ya kama masallaci bai gyaru ba, tudu za a hau. A kan haka aka tashi.

Abin da Abarshi ya fara yi shi ya sa aka ɗauka ya taɓu. Ya shiga daji ya yanko guntayen itace biyar, kowanne kamar tsawon hannu, maje da ɗorawa da maɗaci da ƙirya da kawo. Ya je wani babban suri da ke bayan gidanmu, ya fasa gefensa, ya cusa su ciki ya rufe. Maigidana ya tambaye shi ko tsafi ne.

Ya ce, "Tambaya ce. Gara ta fi ni sanin itace, ita zan tambaya."

Sai da aka yanke dawa ya dawo ya tono su, mata da yara muka taru muna kallo. Maje ya zama kamar soso. Ɗorawa ɓawo kawai ya rage. Maɗaci an cinye farin bayansa an bar jan ciki. Ƙirya da kawo kuwa, ya kakkaɓe musu ƙasa ya buga su da juna, suka yi ƙara kamar ranar da aka sa su. Ya ce ƙirya ta cika tauri da murɗiya, ba ta tsaguwa da faɗi, don haka ita ce za ta zama turaku ta tsaya cikin ruwa. Kawo shi za a shimfiɗa, shi ma jan cikinsa kaɗai.

Da rani ya yi nisa, itatuwa suka zubar da ganye, sai ya ɗauki maza shida suka shiga dajin da ke tsakaninmu da Birnin Gwari. Maigidana ya ce sun wuce kawo ya fi ashirin Abarshi yana girgiza kai. Wannan ya karkace, wancan yana kusa da rafi ya sha ruwa da yawa, wani kuma ya buga shi da bayan gatari ya ce yana da rami a ciki. Uku ya zaɓa, duk a kan tsauni. Suka kayar, suka tsaga su da turakun ƙirya da ake dannawa cikin tsaga ana bugu, shi kuma ya bi kowane katako da gizago har ya kwanta.

Mutane suka ɗauka gobe za a shimfiɗa. Sai ga shi ya sa an jera katakon a rumfar da ke bayan masallaci, cikin inuwa, da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, aka danne da duwatsu. Ya ce kada rana ta gan su, kada ruwa ya taɓa su, sai baɗi. Haka muka sake cin wata daminar a cikin laka, Labaran yana wucewa ta gefen rumfar yana gyaran murya.

A rani na biyu aka yi aikin. Ya kafa turakun ƙirya gajeru, ya gitta wasu a kansu, ya huda bango ta ƙasa wuri huɗu, sannan ya shimfiɗa katakon ya kafe su da ƙusoshin itace. A gurbin liman ya sa mafi faɗi a cikinsu, guda ɗaya tilo, wanda mutum zai yi sujada a kai goshinsa da gwiwoyinsa ba su haɗu da mahaɗi ba. Ya narka man kaɗe ya shafe shi duka, itacen ya yi ja wur. Ranar da Modibbo ya fara taka shi, sai da ya tsaya ya buga sandarsa sau biyu yana sauraren ƙarar, sannan na ji ya yi dariya. Na daɗe ban ji dariyarsa ba.

To, a nan ne aka yi abin da har yau idan na tuna raina yake ɓaci. Abarshi ya tara maza ya yi musu bayanin yadda za a kula da daɓen. Maza, waɗanda a cikinsu babu wanda ya taɓa riƙe tsintsiya tun da uwarsa ta haife shi. Suka gyaɗa kai, suka ce madalla, suka watse. Maigidana ya kora shanu mashayar rani washegari, ya tafi da bayanin a cikinsa. Ni mai sharar, ko kalma ɗaya ba ta iso kunnena ba.

Amma kada in ɗora wa maza duka. Da na so tambaya, na san hanyar bakin daji.

Da na shiga da tsintsiyata, abin da idona ya fara gani shi ne tsaga. Tsakanin kowane katako da ɗan'uwansa akwai rata da bakin wuƙa zai shiga har ya yi wasa. A jikin bango ma an bar rata kamar kaurin yatsa. Ga kuma ramuka huɗu a gindin bango, a buɗe. Na ce a raina, ashe gwanin ma iyakarsa ke nan. A wurinmu masu daɓe, tsaga ita ce abin kunya. Ɗakin da daɓensa ya tsage, matar ɗakin ake zagi. Kuma ta nan kunama za ta fito, ta ramukan can maciji zai shiga ya kwanta a ƙarƙashin tsohon da ba ya gani sosai. Na ji tausayin Abarshi ma, na ce tsufa ne, bari in rufa masa asiri.

Na ɗebo jar ƙasar suri, na tankaɗe ta, na kwaɓa da ruwan makuba mai kauri wanda ya kwana uku. Na bi tsagogin nan ɗaya bayan ɗaya ina dannawa da bakin madaɓi, na cike ratar jikin bango, na toshe ramukan huɗu na shafe su har ba ka gane inda suke. Kwana biyar na yi ina wannan aiki. Da ya bushe sai ya yi tauri kamar dutse, masallaci ya zama shimfiɗa guda babu ko layi. Kowace safiya kuma in yayyafa ruwa kafin in yi shara, yadda uwata ta koya mini, don daɓen da ba ya shan ruwa ƙura yake yi. Duk wanda ya shiga sai ya yaba. Labaran kansa ya ce ashe aikin sai da hannun mace ya kammala, ni kuwa na yini ina jin daɗi.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari. Maigidana ya dawo da shanu, ya ga daɓen ya tsaya yana kallo kamar mai son tuna wani abu, sannan ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Da marka ta matso na fara jin katakon yana ƙara a ƙarƙashin ƙafata. Na ga gefen wasu ya ɗan ɗaga. Na ƙara musu ruwa don su kwanta.

Saura kwana takwas a ga watan azumi, da azahar, ina tsakar gida ina surfe, na ji wata ƙara daga masallaci kamar an karya babban reshe, sai hayaniyar maza. Katakon gurbin liman ne ya turo sama ya tsage gida biyu, daidai lokacin da Modibbo yake shiga. Ya yi tuntuɓe ya faɗi a kan gwiwar da ta fi ciwo. Aka ɗauko shi a hannu aka wuce da shi ta gabana, rawaninsa ya warware yana jan ƙasa. Bayan an fita na leƙa. Sahu na fari da na biyu duk sun yi tozo, ga wani wari na ruɓa yana tasowa daga ƙasa.

Da la'asar Labaran ya ce ba ya son ya ce ya faɗa, amma ya faɗa. Ya ce itace na daji ne, gobe a fara kwaɓa ƙasa a kan tudu, ko rumfa ce a yi kafin wata ya tsaya. Wasu suka fara zagin Abarshi, suna cewa ya cuci tsoho. A lokacin maigidana ya shigo gida, fuskarsa a murtuke, ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Ke, tsagogin nan, wa ya ce ki cike su?"

Na ce, "Wa ya ce kada in cike?"

Na ga ya tuna abin da aka ba shi saƙo ya tafi da shi mashaya, shi ma ya ga na gane. Muka tsaya kowa yana jin nauyin nasa. Amma hannun da ya yi aikin nawa ne, kuma sunan da ake zagi a waje na wani ne.

Da gari ya waye na ɗaura zane na kama hanyar bakin daji. Ban kai gidan Abarshi ba, na same shi a gona yana maimai, shi da matarsa Ladi, ciyawa ta kusa cin dawarsu. Na durƙusa a kan kunyar gona na gaishe shi, na faɗa masa komai, har da ruwan da nake yayyafawa. Ina jira ya zage ni, don da ni ce aka ɓata wa aikin shekara biyu, sai an ji mu har can garin Kuyello.

Ya jingina da fartanyarsa ya ce, "Tsoho ya ji ciwo?"

Na ce, "Gwiwa ce, Baba. Yana kwance."

Ya dubi ciyawar gonarsa, ya dubi Ladi. Ta ce masa wani abu da Gwaranci, ta karɓi fartanyar daga hannunsa. Ya ce mini, "Tashi mu je, matar Dabo."

Da muka iso ya cire takalmansa a bakin ƙofa ya shiga. Ya sa gizago ya ƙwanƙwasa abin da na cusa a tsaga, gizagon ya yi tsalle. Ya sake bugawa. Sai ya zauna a ƙasa yana dariya har da tari.

Ya ce, "Wannan hannu naki, da ganuwa aka ba ki ki gina. Zo ki gani."

A gaban mazan da suka taru ya yi mini bayanin da ya kamata in ji tun farko, kuma ni ya kalla yana yi. Ya ce itace ko an sare shi bai gama motsi ba. Da rani yana tsukewa, da damina yana buɗewa, ratar nan wurin buɗewarsa ce. Na hana shi wuri, shi ya sa ya tashi sama. Ramukan bango kuma ta nan iska ke shiga ta kwashe danshin fadama, na toshe su danshi ya rasa hanya sai cikin katako. Ruwa kuwa ko ɗigo ba ya so. A share shi a bushe, a shafa masa man kaɗe farkon rani da farkon damina, shi ke nan. Maganar maciji, ya ce a saƙa 'yan sanduna a bakin ramukan, iska ta wuce shi ya tsaya.

Ya juya wurin mazan ya ce, "Laifina ne. Na gaya wa masu salla, ban gaya wa mai shara ba."

Labaran ya tambaya ko zai gyaru kafin wata. Abarshi ya ce yawanci za su gyaru. Labaran ya ce to su dai ba za su fasa kwaɓa ƙasa ba, idan an gama kafin su, shi ke nan.

Kwana shida muka yi. Ni na fasa abin da na gina, da tsinken ƙarfe, tsaga bayan tsaga, har yatsuna suka fashe, ina yi ina tsine wa iyawata. Shi kuma ya zare ƙusoshi ya ɗaga katakon, aka fasa ramukan bango, aka sa garwashi a tukwane a ƙarƙashi don danshi ya fita. Waɗanda suka lanƙwashe ya kifa su ya danne da duwatsu, ya rage musu gefe da gizago, ya mayar. Kullum da yamma ya koma gida, da sassafe ya dawo, gonarsa tana can ciyawa tana ci.

A rana ta shida komai ya kwanta sai gurbin liman. Katakon ya tsage daga kai har gindi, ba ya haɗuwa. Maigidana ya ce a shiga daji a saro wani. Abarshi ya ce ɗanyen kawo a tsakiyar marka, kafin sallar azumi zai murɗe ya sake kayar da tsoho. Aka ce a haɗa guntaye. Ya ce guntayen da suka rage farin baya ne, abincin gara. Aka ce to a bar wurin a zuba yashi. Wurin kuwa shi ya fi ko'ina ruwa, kuma don mai tsayawa a wurin aka yi aikin duka. Abarshi ya tsaya yana kallon ramin, ya auna shi da igiya tsawo da faɗi, ya ƙulla, ya tafi. A kan tudu an riga an kafa sandunan rumfa.

Washegari, ranar da ake duban wata, har rana ta take bai zo ba. Na share masallacin sau biyu don in sami abin yi. Modibbo ya sa aka zaunar da shi a ƙofar ɗakinsa, yana jan carbi, fuskarsa tana kallon hanya ko da yake ba ya hango ta. Sai wajen azahar ga Abarshi tafe, ya sunkuya, da wani faffaɗan katako a kafaɗa. Kawo ne, amma ya yi baƙi don tsufa, ya yi sumul, yana ƙanshin hayaƙi. Ya sassaƙe masa gefe biyu, ya ɗora shi a ramin, ya zauna daram da ratarsa ta kowane gefe. Maigidana ya tambaye shi inda ya samo. Ya ce yana da shi.

Aka riƙo Modibbo ya shiga. Ya tsuguna da ƙyar ya shafa katakon da tafinsa, ya daɗe yana shafawa. Shi ya ja sallar la'asar ran nan, a zaune. Labaran yana sahun farko, kuma da aka sallame, shi ya fara cewa a kwance sandunan tudu a yi wa awaki rumfa da su. Da aka fito da tsohon ina bayan danga. Ni da shi ba ma magana saboda kunyar surukuta, sai ya tsaya ya ce wa maigidana da ƙarfi, don in ji, "Ka gaya wa mai sharar nan, wanda ya toshe rami don kada maciji ya sare ni bai yi mini laifi ba. Allah ya yi mata albarka." Na toshe bakina da zane.

Aka yi azumi talatin ruwa yana zuba, ko buzu ɗaya bai jiƙe ba.

Kwana biyu bayan salla na dama fura, na ɗebi man shanu da tuwon shinkafa, na ce zan kai wa Abarshi da kaina. Ana yayyafi na tashi, kafin in isa ya zama ruwa sosai da iska. Ban taɓa zuwa gidan ba. Ɗakuna biyu ne da rumbu, daji yana farawa daga bayan danga. Na yi sallama, na nufi babban ɗakin da gudu don in fake, sai na tsaya.

Ɗakin ba shi da ƙyaure. An jingina wani guntun zana a bakin ƙofa an tare da turmi, iska ta ture shi gefe, ruwa yana shiga kai tsaye. A ƙasa ga dutsen da ƙafar ƙyaure take juyawa a kai, ya lotse don shekaru, ruwa ya cika ramin. Ladi tana ciki da ɓallin ƙwarya tana kwarfe ruwa, ta ɗage tabarmarsu da buhun gero kan gado. Abarshi yana zaune a gefe yana feƙe wata muciya.

Na ajiye kayan. Na ce, "Baba, ina ƙyaurenku?"

Ya ce, "Kin san inda yake. Ke kike share shi."

Ladi ta ce ubansa ne ya sassaƙa shi, tun kafin a auro ta. Ta ce wata guda ke nan suna kwana da wuta a bakin ƙofa saboda kura. Ba da ƙorafi ta faɗa ba, tana faɗa tana kwarfe ruwanta.

Na ce, "Don me ba ka faɗa ba? Da an sani ai da ba a yarda ba."

Ya ce, "Shi ya sa ban faɗa ba. Na sare wani yana inuwa, rani biyu zai yi. Ni zan iya jiran rani biyu. Tsoho ban sani ba."

Na zo da godiya a bakina tun daga gida, na shirya ta tsaf a hanya, amma na neme ta na rasa. Ban taɓa jin nauyin alherin mutum kamar na ran nan ba, kuma har yau ban sauke shi ba. Na durƙusa cikin ruwan, na karɓi ɓallin ƙwaryar daga hannun Ladi, na ce ta zauna ta huta.